Ciwon Firgici: Yadda Aka Yi Ta Gano Shi Ana Sake Binnewa

Ranar 9 ga Yuni 1865, jirgin ƙasa da ya taso daga gaɓar teku ya nufi Landan ya kauce daga layinsa a kan wata gada kusa da ƙauyen Staplehurst, inda ma'aikata suka cire ƙarafan dogo suna gyara. Mutum goma suka mutu, wasu da yawa suka jikkata. Cikin fasinjojin akwai marubucin nan Charles Dickens, wanda ya fito ko ƙwarzane babu a jikinsa, har ya yi ta kai wa masu rauni ruwa a cikin hularsa. Da ya koma gida sai muryarsa ta ɗauke na kusan mako biyu. Daga nan har mutuwarsa, duk sa'ad da ya shiga jirgi mai gudu sai tsoro ya kama shi, ya riƙe kujera, gumi na karyo masa. 'Ya'yansa sun ba da labarin haka bayan rasuwarsa. Ya mutu ranar 9 ga Yuni 1870, shekara biyar cif da hatsarin. Babu likitan da ya iya nuna wurin raunin a jikinsa, kuma a lokacin babu sunan da za a kira abin da ke damunsa.

Yau likitoci na da suna. Suna taƙaita shi da haruffan PTSD, a nan kuwa za mu kira shi ciwon firgici, wato larurar da ke biyo bayan mummunar razana. Alamunsa sanannu ne: abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya zauna kullum a ɗarare yana zabura da ƙaramin motsi, barci ya ƙaurace masa, zuciyarsa ta mutu ga abubuwan da ya saba so, kuma hakan ya wuce wata guda yana hana shi rayuwa. Bahaushe ya riga ya kama bakin zaren tun da ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sau da yawa ana ba da tarihin wannan ciwo kamar labarin ilimin da ya yi ta ƙaruwa har aka gano gaskiya a 1980. Ba haka abin ya tafi ba. An bayyana alamun nan dalla-dalla sau uku ko huɗu cikin shekara ɗari, kuma kowane karo aka sake binne su, domin tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ta kuɗi ce da alhaki: shin abin da ya faru ne ya karya mutumin, ko kuwa dama can shi karyayye ne? In na farko ne, akwai mai biyan diyya. In na biyu ne, kowa ya wanke hannunsa.

A kan layin dogo aka fara wannan shari'a. A 1866 likitan fiɗa John Erichsen na Landan ya wallafa littafi kan mutanen da suka tsira daga hatsarin jirgi ba rauni a fili, amma suka koma ba barci, ba ƙarfi, ba natsuwa. Ya ce girgizar hatsarin ce ta taɓa lakar baya ta yadda ido ba ya gani. Lauyoyi suka rungumi littafin, kamfanonin jirgi suka yi ta biyan kuɗi. A 1883 Herbert Page, likitan da ke yi wa ɗaya daga cikin kamfanonin aiki, ya mayar da martani cewa babu abin da ya samu lakar, tsananin tsoro ne kawai ya haifar da alamun. Abin mamaki a nan shi ne Page ya fi Erichsen kusa da gaskiya, amma gaskiyar tasa ta zama makami a hannun masu gudun biya, domin a tunanin zamanin abin da ke cikin zuciya ba rauni ba ne. A Jamus ma haka ta faru. Bayan dokar inshorar hatsarin ma'aikata ta 1884, likitan jijiya Hermann Oppenheim na Balin ya fitar da littafinsa a 1889 kan larurar da razana ke haifarwa, hukuma ta amince a biya masu ita. Nan take abokan aikinsa suka laƙa mata wani suna na shaguɓe, ciwon son fansho, suna cewa kwaɗayin kuɗin ne ke riƙe mutum a gado.

A Faris kuwa, a asibitin Salpêtrière, Jean-Martin Charcot ya nuna cewa razana kan shanye hannu ko ƙafar ƙaton ma'aikaci ba tare da jijiya ta lalace ba. Pierre Janet ya ƙara gaba, ya ce tunawa da abin firgici ba ta zama kamar sauran tunani. Takan tsaya a gefe, ba ta shiga jerin labarin rayuwar mutum, sai ta riƙa faɗo masa ba sallama. Wannan bayani na ƙarshen ƙarni na 19 bai yi nisa da abin da ake koyarwa yau ba. Sigmund Freud ma a 1896 ya tsaya gaban likitocin Biyena ya ce larurar matan da yake dubawa ta samo asali daga lalata da aka yi da su suna yara. Shekara guda bayan haka ya janye, ya karkata ga cewa mafi yawan abin daga sha'awa da ƙagen zuciya yake. Janyewar nan ta yi tsada, domin makarantarsa ce ta mamaye fagen na rabin ƙarni.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo marasa lafiyar da ba a iya kawar da kai daga gare su saboda yawansu. Sojoji suka riƙa fitowa daga ramuka suna karkarwa, wasu sun kurmance, wasu sun makance, wasu ba sa magana, kuma ba harsashi a jikinsu. A Fabrairun 1915 Charles Myers ya rubuta kan sojoji uku a mujallar likitoci ta Lancet, ya yi amfani da sunan da ke nufin girgizar bam. Ba a jima ba shi da kansa ya gane sunan bai dace ba, domin akwai waɗanda bam bai faɗi kusa da su ba amma suka kamu. Rundunar Birtaniya ta ƙirga wajen mutum 80,000 kafin yaƙin ya ƙare. Yadda ta raba su ya tona abin da ke ranta: wanda aka tabbatar bam ya tashi kusa da shi sai a rubuta shi cikin masu rauni, ya sami lambar rauni da haƙƙin fansho, wanda ba a tabbatar ba sai a rubuta shi cikin marasa lafiya kawai, ba lamba ba kuɗi. Alamunsu ɗaya ne. Wasu kuma ko wannan ba su samu ba. Harry Farr ya yi watanni a asibiti saboda karkarwa, aka mayar da shi fagen fama, ya kasa komawa ramin gaba a lokacin gumurzun Somme, aka yi masa shari'ar soja da laifin ragwanta, aka harbe shi a Oktoban 1916. Yana cikin sojoji 306 da gwamnatin Birtaniya ta yi wa gafara a 2006, shekara 90 bayan aikin gama ya gama.

Wanda ya ɗauka ragwanta ce, maganinsa horo ne. A Landan Lewis Yealland kan kulle ɗaki da sojan da ya daina magana, ya jona masa lantarki a maƙogwaro, ya gaya masa ba zai fita ba sai ya yi magana. Shi da kansa ya rubuta labarin wani da ya yi wa haka na awa huɗu, yana alfahari. A Jamus Fritz Kaufmann ya yi suna da irin wannan, a Faransa kuma Clovis Vincent, wanda har wani soja ya kai masa naushi aka je kotu. Hikimar ita ce a mayar da asibiti ya fi fagen yaƙi muni. Ba a musun cewa sojoji da yawa sun buɗe baki sun yi magana, ƙafafu sun motsa, amma dawowar murya ba ta hana mugun mafarki, kuma likitocin ba su damu su bi sawun mutanen ba bayan an sallame su. A taron likitocin jijiya da ƙwaƙwalwa na Jamus da aka yi a Munich a 1916, aka taru a kan Oppenheim aka yi watsi da ra'ayinsa, aka tsayar da cewa raunin niyya ne ke damun sojojin. A 1926 hukumar inshorar ƙasar ta daina biyan diyya kan larurar.

A daidai wannan lokaci wani likita yana bin wata hanya a asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh. William Rivers ya lura cewa kusan duk hafsoshin da ake kawo masa an ba su shawara iri ɗaya: ka cire abin daga ranka, kada ka yi maganar yaƙi, ka yi tunanin furanni da gona. Da rana suna iya dannewa, da dare sai abin ya fashe a mafarki. Ya gwada akasin haka. Ya riƙa zama da su yana sa su fuskanci abin da suka gani a hankali, da rana, har ya zama abin da za a iya ɗauka. Akwai wani hafsa da ya tarar da gawar abokinsa bam ya wargaza ta, hoton ya hana shi barci. Rivers ya nuna masa cewa yadda gawar take shaida ce abokin ya mutu nan take, bai sha doguwar wahala ba. Mutumin ya sami abin riƙewa, ya daina gudun tunanin, mafarkin ya sauya kama ya lafa. Rivers ya karanta wannan bayani gaban likitoci a Disambar 1917, aka buga shi a farkon 1918. Abin da ke ƙara masa daraja a idona shi ne bai ɓoye inda ya gaza ba. Ya ba da labarin wani matashi da abin da ya same shi ya yi munin da babu ta inda za a kama shi, sai dai aka sallame shi daga soja. Duk da haka ginshiƙin maganin da aka tabbatar bayan shekara saba'in yana cikin waɗannan shafuka, kuma aka bar su suka yi ƙura.

A 1922 kwamitin Ma'aikatar Yaƙin Birtaniya ya kammala cewa a daina amfani da sunan girgizar bam, a inganta zaɓen sojoji da horonsu, abin zai kau. Amurka ta ɗauki wannan darasi da gaske a Yaƙin Duniya na Biyu: ta tace samari tun daga ƙofa, ta mayar da fiye da miliyan ɗaya gida bisa zargin raunin zuciya. Wannan shi ne gwaji mafi girma da aka taɓa yi wa ra'ayin cewa laifin na mutumin ne, kuma ra'ayin ya faɗi. Sojojin da aka tace suka riƙa zubewa a Arewacin Afirka da Italiya da tsibiran Fasifik, har aka daina tacewar a 1944. Janar George Patton ya mari sojoji biyu a asibitocin tanti a Sisili a Agustan 1943 yana kiran su matsorata, aka tilasta masa ba da haƙuri. Bayan yaƙin John Appel da Gilbert Beebe suka duba alƙaluman rundunar, suka ce babu wani abu wai shi sabawa da yaƙi, kowane soja na da iyakarsa, kuma a ƙiyasinsu tsakanin kwana 200 zuwa 240 na fafatawa ne ke gama da matsakaicin mutum. Tun a 1941 Abram Kardiner, wanda ya duba tsofaffin sojojin yaƙin farko, ya rubuta jerin alamun kusan yadda suke a littattafan yau, ya kuma koka cewa kowane mai bincike kan faro daga tushe kamar ba a taɓa yin komai ba.

Kukan nasa bai hana a maimaita ba. Rundunar Amurka ta sa John Huston ya ɗauki fim a asibitin sojojin da suka zautu, da ta ga abin da ya ɗauko sai ta kulle shi daga 1946 har 1980. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka, bugun 1952, ya ware wa larurar gurbi amma ya ce mai wucewa ce. In ta daɗe, to wata cuta ce daban mutum ke da ita tun asali. A bugun 1968, shekarar da yaƙin Biyetnam ya kai ƙololuwa, aka cire gurbin ɗungurungum. A Jamus ta Yamma kuwa, Yahudawan da suka tsira daga sansanonin Nazi suna neman diyya sun yi ta cin karo da likitocin da ke rubuta cewa damuwarsu ta gado ce ko ta halitta, ba ta da alaƙa da kisan iyalansu a gabansu. Likitoci irin su William Niederland a Amurka da Leo Eitinger a Nowe, wanda shi ma ya fito daga Auschwitz, sun sha fama kafin a yarda da abin da hankali ya kamata ya gane ba gardama.

Waɗanda suka karya wannan zagaye marasa lafiyar ne da kansu. A ƙarshen 1970 tsofaffin sojojin Biyetnam masu adawa da yaƙin suka fara taruwa a New York suna ba juna labari, suka gayyaci likitoci biyu, Robert Lifton da Chaim Shatan, bisa sharaɗin su zauna a matsayin abokai. A asibitin tsofaffin sojoji na Boston wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Sarah Haley, ta lura ana rubuta wa sojoji cutar hauka saboda sun ba da labarin ta'asar da suka gani, alhali labarin gaskiya ne. A birnin dai, Ann Burgess da Lynda Holmstrom suka bi mata 92 da aka kawo asibiti bayan fyaɗe, suka wallafa a 1974 cewa mafarkinsu da zaburarsu da gudunsu na bin tsari ɗaya. Da aka jera bayanan sojoji, da na matan, da na mutanen sansanonin Nazi, da na waɗanda ambaliyar Buffalo Creek ta 1972 ta rutsa da su, sai kamannin ya fito fili. Kwamitin da Nancy Andreasen ta yi aiki a ciki, wadda ta saba da masu ƙunar wuta, ya amince, aka sa ciwon a bugun 1980. Sabon abin da ya kawo shi ne ya ɗora sanadin a kan abin da ya faru, ya kuma yarda ciwon na iya daɗewa ko ya ɓullo bayan shekaru.

Masu suka na da hujja mai nauyi a nan. Masanin al'adu Allan Young ya rubuta a 1995 cewa ciwon haɗe-haɗe ne da zamani da siyasa suka ɗinka, likita Derek Summerfield kuma ya yi ta gargaɗi cewa ƙungiyoyin agaji na mayar da baƙin cikin al'umma cuta, suna kai wa mutanen da ke neman abinci da adalci masu ba da shawara. Suna iya nuna alƙaluma ma: wani bincike na 1988 ya ce kusan kashi 31 cikin 100 na sojojin Biyetnam sun kamu, da aka sake tantance bayanan a 2006 da takardun soja sai adadin ya sauko kusa da 19. Gaskiya ne matsin lamba ya shigar da sunan cikin kundi, kuma gaskiya ne an sha faɗaɗa shi har ya rufe abin da bai kai ba. Amma matsin lamba ne kuma ya hana shi shiga na shekara ɗari, na kamfanin jirgi da ma'aikatar yaƙi da baitulmali, kuma ba wanda ya ce wannan ya sa ƙin yardar ta zama ilimi. Binciken 2006 ɗin nan da ya rage adadin ya tabbatar da abu mafi muhimmanci: iya yawan artabun da soja ya shiga, iya yiwuwar kamuwarsa, kuma ƙarya a labaransu kaɗan ce. Batun cewa ciwon Turawa ne kuwa tsohuwar magana ce da sabuwar riga. A 1953 J. C. Carothers, likitan mulkin mallaka a Kenya, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa zuciyar Ba'afirke ba ta ɗaukar damuwa mai zurfi irin ta Bature, maganar da Thomas Lambo na asibitin Aro a Abekuta ya ƙaryata da aikinsa. A 1961 Frantz Fanon ya bayyana 'yan Aljeriya da aka azabtar, da 'yan sandan Faransa da suka azabtar da su, duka suna fama da rashin barci da mugun mafarki, shekara 19 kafin likitocin Amurka su raɗa sunan.

Suka ta biyu ta fi kaifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 70 cikin 100 na mutane za su gamu da abin firgici a rayuwarsu, amma ƙasa da 6 cikin 100 na waɗannan ne ke kamuwa. Sai a ce: tun da yawanci suna warwarewa, ashe matsalar na ga 'yan kaɗan ɗin da ba su warware ba, ashe likitocin Munich sun yi gaskiya. Ba su yi ba. Sauro na cizon gari guda, wasu su kwanta wasu su yi ta harkarsu, ba wanda ya taɓa cewa zazzaɓin cizon sauro ragwanta ce. Gado da wahalar ƙuruciya na da tasiri, amma adadin na hawa da nauyin abin da ya faru, ya kusa ninka sau uku a wuraren yaƙi, ya kuma fi tsanani bayan fyaɗe da azabtarwa. Da Chris Brewin da abokansa suka tattara bincike da dama a 2000, sun tarar cewa rashin mai tallafa wa mutum bayan abin ya faru ya fi hasashen ciwon a kan duk wani hali da yake da shi kafin nan. Wannan hukunci ne a kan dangi da gari da hukuma fiye da kan majinyacin. Matar da aka yi wa fyaɗe aka ce ta rufe bakinta don kada a kunyata gida, an ƙara mata ainihin abin da ke tsawaita ciwon.

Babbar shaida a wurina ita ce magani. Da ciwon ya sami suna da ma'auni sai ya yiwu a raba marasa lafiya gida biyu a gwada a gani. Bayanin da ya fito mai sauƙi ne. A lokacin razana ƙwaƙwalwa kan ɗaure duk abin da ke wurin da haɗari, ƙara da wari da launi, don ta kare mai ita nan gaba. Ga yawancin mutane ɗaurin na kwancewa in sun sake gamuwa da abubuwan ba abin da ya faru. Mai ciwon firgici yana gudun su, gudun na ba shi sauƙi na ɗan lokaci, amma yana hana ƙwaƙwalwar koyon cewa tsumma ba maciji ba ne. Edna Foa ta gina hanyarta a kan wannan: majinyaci ya ba da labarin da bakinsa, ya maimaita, zama bayan zama, yana kuma komawa sannu a hankali wuraren da ya ƙaurace wa. Patricia Resick ta mayar da hankali kan hukuncin da mutum ke yanke wa kansa, irin su laifina ne, da ban bi hanyar nan ba, ta tsara zama 12 na warware su. Francine Shapiro ta zo a 1989 da hanyar da ake tuna abin ana bin yatsan likita da ido. Har yau ana gardama ko motsin idon na ƙara wani abu, amma hanyar na aiki, kuma ita ma fuskantar tunanin ce. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar waɗannan hanyoyi. Rivers bai rayu ya gani ba, ya mutu tun 1922.

Kada a ɗauka magana kowace iri magani ce. Daga 1983 aka yaɗa al'adar tara mutane nan da nan bayan bala'i a sa su amayar da abin da suka gani a zama guda. Da aka gwada ta a kan masu ƙunar wuta da masu hatsarin mota a Birtaniya, ba ta hana ciwon ba, wasu ma sun fi muni. A kwanakin farko mutum na buƙatar tsaro da abinci da danginsa, da a bar shi ya yi magana in ya so. Ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diazepam, da ake saurin miƙawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a guje su. Sertraline da paroxetine, da Amurka ta amince da su a 1999 da 2001, suna taimakawa daidai gwargwado. Hanyoyin maganar ma suna da iyaka: mutane da dama na dainawa a tsakiya saboda zafin abin, kuma nazarin 2015 kan sojojin Amurka ya nuna kusan biyu bisa uku sun gama jinya da sauran ciwon a jikinsu, ko da yake ya ragu. Neman gajeriyar hanya ya kai ga gwada ƙwayar MDMA, amma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa a Agustan 2024.

Saura tambayar ko wannan zai yi aiki inda babu likitan ƙwaƙwalwa. An gwada a Afirka. A sansanin Imvepi na Uganda, Frank Neuner da abokansa sun sa 'yan gudun hijirar Sudan su jera labarin rayuwarsu tun daga haihuwa, ana tsayawa a kan kowane abin firgici, cikin zama huɗu kacal. Bayan shekara guda kashi 29 cikin 100 ne ke da sauran ciwon, a kan wajen 80 na waɗanda aka ba shawara ta gama-gari. A gabashin Kwango aka koya wa ma'aikatan ƙauye hanyar Resick, aka sauya ta don matan da ba su iya karatu ba, aka yi a rukuni. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna bayan wata shida kashi 9 ne suka rage da alamun, a kan 42 na matan da ba a bi da su ta wannan hanya ba, kuma ana cikin rashin tsaro aka yi.

Ƙasar Hausa na da nata rabon a wannan labari. Kakanni sun je Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin farko, sun je Bama a na biyu. Tun 2009 rikicin Boko Haram ya raba miliyoyi da gidajensu a yankin Tafkin Chadi, ga 'yan bindiga da masu garkuwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Wanda ya dawo daga daji yana zabura da ƙarar babur, abin da yakan ji shi ne ya yi haƙuri, ya dangana, ya manta. Haƙuri da dangana dukiya ce, addu'a da zumunci na cikin tallafin da bincike ya nuna yana kare mutum. Cewa ya manta ne ke da matsala, domin ita ce shawarar da Rivers ya tarar tana hana hafsoshinsa barci. Annabi Yaƙubu ya yi kyakkyawan haƙuri, duk da haka baƙin ciki ya taɓa idanunsa, ba wanda ya ce imaninsa ne ya gaza. A Janairun 2023 Najeriya ta sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware. Ba za su iya ɗaukar kowa ba. Abin da aka yi a Imvepi da ƙauyukan Kwango ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti zai iya koyonsa cikin makonni in akwai mai sa ido a kansa, kuma gwamnatocin jihohin da abin ya shafa ne ke da alhakin biyan kuɗin horon.